Maganin Ciwon Damuwa ta Hanyar Intanet da Ribarsa ga Tattalin Arziki

Ciwon damuwa cuta ce da ke jefa mutum cikin baƙin ciki na tsawon mako 2 ko fiye, ya rasa barci, abinci ya fita ransa, ya kasa aikin da ya saba. Ba lalaci ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani.

Asarar da yake jawowa ba ƙarama ba ce. Manomin da ya kwantar da damina, noman firi da maimai za su wuce shi, rumbunsa kuma ya shaida haka da kaka. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa damuwa da fargaba suna cinye kwanakin aiki biliyan 12 a duniya kowace shekara, asarar da ta kai dala tiriliyan 1. Binciken da hukumar ta jagoranta a 2016 ya nuna cewa duk dala 1 da aka kashe wajen magance su tana mayar da dala 4.

Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, asibitocinsu irin na Kaduna da Kware da Maiduguri kuma suna nesa da yawancin ƙauyuka. A nan ne intanet ke rage tsada. Misali shi ne shirin Step-by-Step, wanda hukumar ta tsara tare da Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar Labanon. Mai ciwon yana bin darussa 5 a wayarsa, wani mataimaki da aka horar, wanda ba likita ba, yana tuntuɓarsa na kimanin minti 15 kowane mako. Sakamakon gwajin da aka fitar a 2022 ya nuna sauƙi ga 'yan ƙasar da 'yan gudun hijirar Siriya.

Ta wannan hanya babu kuɗin mota, babu asarar yinin aiki, likita kuma ya samu sukunin duba masu tsananin ciwo.

Saboda haka ana jan hankalin jami'an ƙananan hukumomi cewa irin wannan shiri ba ya tsayawa sai da layin waya mai ƙarfi, darussa cikin harshen jama'a, da mataimaka masu riƙe sirri. Wanda kuwa ciwonsa ya kai ga tunanin halaka kansa, kada a tsaya jiran waya, a garzaya da shi asibiti.