A-Kori-Kura Ta Yi Tsawo, Aksil Na Kuka A Maisandari

Duk wanda ya ratsa garejojin unguwar Maisandari a birnin Maiduguri da hantsi, da wuya ya rasa ganin motar a-kori-kura a ɗage bisa jak, an kwance mata ƙafafun baya, bakanike kuwa yana kwance a ƙarƙashinta yana ƙara ganyen sifirin. Abin da mai motar ke so shi ne ta ƙara tashi daga ƙasa, ta ɗauki buhunan wake ko kwalayen bandar kifi ba tare da gindinta ya zauna ba.

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba. Tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfanin Peugeot na Kaduna ya riƙa harhaɗawa bayan buɗe shi a 1975, direbobin Borno suke yi wa motocinsu ƙari. Yau Toyota Hilux da Land Cruiser ne suka gaje su. Dalilin kuwa a fili yake. Wanda zai nufi Baga, tafiyar kusan kilomita 200, rairayi ne ke jiransa da zarar ya sauka daga kwalta. Wanda ya nufi Dikwa da Gamboru Ngala kuma da damina sai ya gamu da baƙar laka ta firgi, wadda ke riƙe taya kamar danƙo. Saboda haka ba mu ga laifin mai ɗaga mota ba. Inda muka ga laifi shi ne a biya kuɗin ƙarfe a manta da mai.

Da fari dai ya kamata mai karatu ya san cewa ƙarin sifirin jikin mota kaɗai yake ɗagawa. Aksil ɗin baya, da tulun nan da ke tsakiyarsa, suna nan inda suke, ba abin da ke ɗaga su sai babbar taya. Haka kuma ƙarin bai ƙara wa aksil ƙarfin ɗaukar kaya ko da kilo ɗaya ba. Mota ta daina nuna gajiya a ido, sai a yi ta lafta mata kaya, alhali kuwa boris ɗin da kamfani ya sa shi ne dai ke ɗauke da nauyin.

A cikin tulun akwai manyan haƙora biyu: ƙarami, wanda farfela ke juyawa, da babba, wanda ke miƙa juyin ga tayoyi. Babban yana wanka cikin man giya, yana watsa shi sama har ya kai ga boris biyu da ke riƙe da ƙaramin. To, idan aka ɗaga mota ta hanyar da ta sa bakin tulun ya kalli sama, sai man ya koma baya ya taru, boris na gaba kuwa ya zauna da ƙishirwa. Ba a rana ɗaya zai mutu ba. Sai an yi makonni direba ya fara jin wani kuka siriri daga baya, wanda kan sauya murya idan ya ɗaga ƙafa daga totur, shi kuwa ya ƙara sautin rediyo. Ita ma farfela ta ƙara karkata, kuros ɗinta yana aiki a takure, mota ta fara karkarwa in ta ɗauki gudu. Maganin wannan wani ɗan ƙarfe ne mai kama da bakin gizago da akan cusa tsakanin sifirin da aksil don a mayar da bakin tulun daidai. Kuɗinsa kaɗan ne, amma ba kowane bakanike ke tuna shi ba in ba a tambaya ba.

Batun man kansa, a nan ne aka fi yin ganganci. Haƙoran nan ba juyawa kawai suke yi ba, gugar juna suke yi da matsi mai tsanani, shi ya sa ake buƙatar man da aka rubuta GL-5 a jikin galaninsa, mai kauri 80W-90, ko 85W-140 ga motar da ke shan kaya a zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Maiduguri kan wuce 40. Wanda ya zuba baƙin man inji a wurin, balle wanda aka riga aka juye daga wata mota, ya yi araha ne irin wadda ba ta ado. Tulun gaba ɗaya lita 2 zuwa 4 yake ci. A kwatanta kuɗin wannan da kuɗin sabon aksil, ko ma na Balgiyam!

Duba shi ba wuya. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kwance noti na sama, a sa ɗan yatsa: ya kamata mai ya kai bakin ramin. In za a juye, a fara kwance na saman kafin na ƙasa, domin an sha zubar da mai sannan a tarar na saman ya cije. A notin ƙasa galibi akwai maganaɗisu. In an ga ɗan baƙin gari mai laushi, ba komai; in an ga ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi, to a buɗe tulun tun kafin ya buɗe kansa a daji.

Sai ruwa. A saman aksil akwai wata 'yar ƙofar numfashi da yawancin direbobi ba su ma san da ita ba. Idan aksil ya ɗauki zafi aka faɗa da shi cikin ruwa, iskar ciki sai ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta wannan ƙofa ko ta bakin sil. Mutanen Maiduguri sun ga ruwa a watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta yi a 1994, kuma dogayen motoci ne suka riƙa kutsawa suna kwaso jama'a. Duk motar da ta yi irin wannan aiki, ko ta tsallake kogi da damina, a duba manta a ranar: in ya koma fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a juye shi nan take. Masu dabara kan ɗaura wa ƙofar dogon tiyo su kai bakinsa can sama kusa da akwatin kaya. In kuma laka ta toshe ta, zafi zai turo mai ta bakin sil har ya jiƙa birki.

Boris na ƙafafu shi ma babbar taya na gajiyar da shi, musamman in an sa rim mai fitowa waje. A ɗaga ƙafar, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga. In ta yi wasa, ko ta yi gurnani da aka juya ta, lokacinsa ya yi. Direban da ya tsaya shan shayi a Monguno, ya zaga ya kai bayan hannunsa kusa da cibiyar kowace taya. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, ita zai nuna wa bakanike.