Ko Kun Sani? Tsatsa Kan Kashe Mota Kafin Batirinta

Mai sayen tsohuwar mota mai aiki da fetur da lantarki yakan fara tambayar lafiyar batir, alhali tsatsar da ke ƙarƙashinta ce ta fi cancantar tsoro. A jihohin Amurka masu tsananin sanyi, irin su Mishigan da Ohayo, ana watsa gishiri a kan tituna don narkar da ƙanƙara. Taya na fesa ruwan gishirin cikin kwarmin tayar baya, ya cuɗe da laka ya maƙale, ya yi ta cin ƙarfe shekara da shekaru. Motar Ford Escape Hybrid, wadda ta fito a 2004, ta yi ƙaurin suna a nan: ƙarfen da ke riƙe da kan shakazobar baya yakan ruɓe har shakazobar ta huda ta leƙo cikin but.

Idan aka shigo da irin wannan motar ƙasarmu, wani zai ce ai Arewa busasshiyar ƙasa ce, tsatsa ba za ta ci gaba ba. Gaskiya ne tana raguwa, amma ƙarfen da ya riga ya cinye ba ya dawowa, kuma ramukan hanyoyinmu da lodi mai nauyi su ne ke ƙarasa shi. Wani kuma zai ce mai walda zai gyara. Walda ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe, sai an yanke shi an sa sabo. Batir ana canzawa, amma karyewar mazaunin shakazoba a guje na iya cin rai. Kafin a biya kuɗin 'yar Kwatano, a cire tayar baya, a ƙwanƙwasa wurin da guduma.