Raunin da Ido Ba Ya Gani

Rikice-rikicen Kaduna na 2000 da 2002 sun raba garin: Kiristoci da dama suka koma kudancin kogi, Musulmi suka nufi arewa. Yaron da ya ga irin wannan tashin hankali kan daɗe cikin firgici, domin jikinsa yakan ci gaba da fitar da sinadaran tsoro, barci ya gagara, karatu ya ƙi zama. Samun mai saurare kan rage nauyin. A 2010 Sista Kathleen McGarvey ta kafa majalisar matan addinan biyu, Women's Interfaith Council, mai zaunar da mata da matasa su tattauna. Majalisar ta samu lambar zaman lafiya ta Aachen, Jamus, a 2021. Malam, idan ɗalibinka ya yawaita zabura, saurare shi. Idan abin ya tsananta, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa.