Tafi da rawa a cikin aji: hanyar Carl Orff ta koyar da ƙananan yara

Uba ya biya kuɗin jardan, makarantar nan ta ƙananan yara, ya tambayi ɗansa abin da aka koya masa yau. Yaro ya ce sun yi waƙa, sun yi tsalle. Da yawan iyaye nan take ransu ke ɓaci, suna ganin kuɗi sun tafi a banza, tun da ba a fara baƙi da wasali ba. Alhali kuwa a ƙasashe da dama wannan tsalle darasi ne mai tsari, yana da malamai da littattafai, kuma ya kai shekara 100 da somawa.

Asalinsa a birnin Munik ne na ƙasar Jamus. A shekarar 1924 wani masanin kiɗa, Carl Orff, tare da wata malama, Dorothee Günther, suka buɗe makarantar motsa jiki da rawa. Ɗalibanta ƴan mata ne manya, ba yara ba. Abin da ya dami Orff shi ne yadda a Turai aka raba kiɗa da rawa: mutum guda na gefe yana buga fiyano, saura na juyi. Shi ya so mai rawa ya zama shi ne makaɗin kansa. Sai ya tara ganguna da kayan kacau-kacau. Ana cikin haka aka aiko masa da kyautar balafon daga Afrika, ya kai shi ga wani maƙerin kayan kiɗa, Karl Maendler, wanda ya sassaƙa masa ƙanana masu sauƙin bugawa. Jikokin wannan balafon ne ke cike da azuzuwan yara na Turai da Amurka.

Yaƙin duniya na biyu ya ci makarantar: an rufe ta a 1944, bama-bamai suka ƙone ta da kayanta a 1945. Gidan rediyon Bavariya ne ya tayar da aikin a 1948, da ya nemi Orff ya shirya kiɗan da yara za su buga da kansu. Mafi yawan wahalar ta faɗa kan Gunild Keetman, tsohuwar ɗalibar makarantar, wadda ba a cika ambaton sunanta ba kamar yadda ya kamata. Da yake rediyo ba ya nuna motsin jiki, sai ta fara koyar da yara ido da ido a birnin Salzburg a 1949. Su biyu suka fitar da littattafai 5 daga 1950 zuwa 1954, kuma a 1961 aka kafa cibiyar horar da malamai a Salzburg.

Darasin kansa daga magana yake farawa. Yara su yi da'ira, malama ta faɗi sunan ɗaya tana tafa kowace gaɓa, saura su maimaita. Daga tafi a koma bugun cinya, a koma taka ƙasa, a yi tafiya da sauri ko a hankali bisa ga yadda ganga ta ce, a tsaya cik idan ta yi shiru. Sai jiki ya riƙe kiɗan sannan a miƙa wa yaro sanda. A nan akwai wata dabara: katakan balafon ɗin ana iya cire su. Malama ta kwashe wasu ta bar sauti 5 da ba sa karo da juna, ta yadda duk inda yaro ya buga zai yi daɗin ji, ba ya jin kunyar ƙirƙiro nasa. Rubutun kiɗa yana zuwa can daga baya. Abin da yaro ke ɗauka shi ne sauraro, jiran lokacinsa, da rarrabe gaɓoɓin kalma, abubuwan da malamin aji ɗaya ke fama a kansu kullum.

Wani abu da masu tallar kayan kiɗa ba sa faɗi: Orff bai yarda a fassara waƙoƙin Jamus kawai a ɗora wa yaran wata ƙasa ba. Ya so kowace al'umma ta fara da harshenta da wasannin yaranta. Bisa wannan ne wani malami ɗan Gana, Komla Amoaku, ya fitar da littafin waƙoƙin yaran ƙasarsa a 1971.

Ta nan ƙasar Hausa ba ta da rashi. Gaɗar ƴan mata a dandali ta haɗa da'ira, tafi, bayarwa da amshi. Kalangu kuwa da ma maganar mutum yake kwaikwayo. Abin da ke da tsada shi ne malama mai horo, da fili, da ajin da bai cika maƙil ba, domin yara 60 a ɗaki guda ba sa iya yin da'ira. Ƙwarya, gwangwanin madara da ɗan tsakuwa a ciki, da turmi, sun isa a fara.