Tsaunukan Mayo-Tsanaga: Nawa ne tsayinsu, kuma wane gado ke kansu?

A watan Yulin 2025, a zaman da ya yi a birnin Paris, kwamitin hukumar UNESCO mai kula da wuraren tarihi ya sanya kufan Diy-Gid-Biy cikin jerin kayan gadon duniya. Wannan ne karo na farko da wani wurin al'ada na Kamaru ya shiga jerin, domin biyun da suka riga shi, wato gandun dajin Dja da na Sangha, saboda namun daji da itatuwa aka sanya su. Kufan suna cikin gundumar Mayo-Tsanaga ta jihar Arewa Mai Nisa, a kan tsaunukan Mandara, yankin da 'yan kasuwa da direbobi da dama ke ratsawa tsakanin Marwa da Mubi ba tare da sun san abin da ke saman duwatsun ba.

Ina ne Mayo-Tsanaga?

Tsaunukan Mandara sun miƙe tsawon kusan kilomita 200 a kan iyakar Kamaru da Najeriya, daga kusa da kogin Binuwai a kudu har zuwa wajen garin Mora a arewa. Mafi yawan ƙololuwarsu masu tsayi suna cikin Mayo-Tsanaga, wadda babban garinta shi ne Mokolo. Gundumar tana da ƙananan hukumomi bakwai: Mokolo, Koza, Mogode, Burha, Hina, Mayo-Moskota da Sulede-Ruwa.

Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 4,400 ba, amma ƙidayar 2005 ta samu kusan mutum dubu 700 a cikinta. Idan aka raba, kusan mutum 160 ke nan a kowane murabba'in kilomita, a ƙasar da akasarinta dutse ne, kuma yawancin mazaunanta manoma ne.

Sunan gundumar daga kogi ya fito. "Mayo" da Fulatanci na nufin kogi, kuma Mayo Tsanaga daga waɗannan tsaunuka yake gangarowa, ya bi ta Marwa, ya nufi fadamun da ke gabas. Wani kogin kuma, Mayo Luti, kudu yake yi ya haɗu da ruwan da ke zuba cikin Binuwai. Ma'ana, ruwan saman da ya sauka a nan kashi biyu yake rabuwa: wani ya nufi kwarin tafkin Cadi, wani ya bi Binuwai da Neja har teku.

Nawa ne tsayinsu?

Tsauni mafi tsayi a duk jerin Mandara shi ne Upay, wanda taswirorin Faransanci ke rubutawa Oupay. Tsayinsa mita 1,494, yana arewa da Mokolo. Kusa da shi akwai Ziver, wanda shi ma ya haura mita 1,400. Dutsen da ya fi kowanne suna kuwa, tsinin Rumsiki da ake gani a hotunan yawon buɗe ido, mita 1,224 ne.

Akwai abin lura game da waɗannan alƙaluma. Masu auna ƙasa daga matakin ruwan teku suke fara ƙirga, ba daga gindin dutsen ba. Birnin Marwa kansa yana kan wajen mita 400. Filin Kapsiki, inda tsinin Rumsiki yake tsaye, tudu ne da ya kai tsakanin mita 800 zuwa 1,000. Saboda haka wanda ya tsaya a ƙauyen Rumsiki, abin da idonsa ke gani ya tashi sama 'yan ɗaruruwan mitoci ne kawai. Sauran tsayin ya riga ya hau shi a mota tun daga hanya.

Idan aka gwada su da manyan tsaunukan yankin, na Mandara matsakaita ne. Dutsen Kamaru da ke kudu maso yamma ya haura mita 4,000. Emi Kusi na Cadi ya wuce mita 3,400, Chappal Waddi da ke kan iyakar jihar Taraba kuma mita 2,419. Duk da haka tsayin ya isa ya sauya yanayi. Zafi na raguwa da kusan digiri 6 a duk hawan mita 1,000, shi ya sa dare ke da sanyi a Mokolo lokacin da Marwa ke fama da zafi. Ruwan sama ma ya ɗan fi na filayen ƙasa, abin da ya sa dankalin Turawa ke yi a yankin Mogode.

Yaya aka samu tsinin Rumsiki?

Akasarin jikin tsaunukan tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ke farfashewa ya bar manyan ƙwallaye a jibge kan juna. Tsinayen yankin Kapsiki kuwa daban suke. Wajen shekara miliyan 30 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya daskare a cikin maƙogwaron duwatsu masu aman wuta. Da tafiya ta yi tafiya, ruwa da iska suka cinye jikin dutsen na waje mai taushi, suka bar abin da ya daskare a tsakiya yana tsaye kamar turke. Masana sun ce yankin wani ɓangare ne na layin aman wuta da ya taso daga tsibiran tekun Gini, ya bi ta Dutsen Kamaru, ya yi arewa. Na Mandara sun daɗe da mutuwa.

Me ya kai mutane kan dutse?

Ƙabilu da yawa ke zaune a nan, kowace da harshenta: Mafa, waɗanda suka fi yawa, da Kapsiki, da Mofu, da Hide na yankin Turu, da Bana, da Daba da sauransu. A da mutanen fili kan haɗa su duka su kira su "Kirdi", su kira Mafa "Matakam". Masu sunayen suna ɗaukar waɗannan kalmomi a matsayin raini, don haka ya fi dacewa a kira kowa da sunan da yake kiran kansa.

Binciken ƙarƙashin ƙasa ya nuna an daɗe ana zama a yankin. Sai dai tsoron farmaki ya taimaka wajen cika duwatsun da jama'a. Ɗaruruwan shekaru daulolin fili, wato Barno da masarautar Wandala, daga baya kuma lamidon Fulani na ƙarni na 19, suna kai hari don kamun bayi. Doki ba ya iya hawa tsakanin waɗannan ƙwallayen duwatsu, shi ya sa tsauni ya zama ganuwa.

Abin bai tsaya ba har farkon ƙarni na 20. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya bar littafin ajiyar abubuwan yau da kullum na shekarun 1912 zuwa 1927, wanda a ciki aka lissafa hare-haren da mayaƙansa suka kai wa ƙauyukan tsauni da ɗaruruwan mutanen da suka kamo. Turawan Ingila sun kama shi a 1927. Har yau tsofaffin Mafa da Kapsiki na ambaton zamaninsa.

Gonakin matakala

Wanda ya zaɓi zama kan dutse dole ya samo abin da zai ci a can. Hanyar da suka bi ita ce jera duwatsu a jikin gangare, layi bisa layi, kamar matakalar bene, ba laka ba siminti. Kowane layi na tare ƙasar da ruwa zai kwashe, yana kuma rage gudun ruwan har ya samu ya nutse. A wasu tsaunukan Mafa, daga gindi har ƙololuwa babu inda aka bari ba a jera ba. A kan hanyar Mokolo zuwa Koza, musamman wajen Jingiliya, matafiyi na iya ganin haka da idonsa.

Noman na da tsari. A yankuna da dama na Mafa, bana a shuka dawa, baɗi a shuka gero haɗe da wake, domin ƙasa ta huta kuma a karya lagon ƙwari da ƙuduji. Ana barin itatuwa irin su gawo, magarya da maɗaci a cikin gona, ana sassabe rassansu don itace da abincin dabbobi. Da damina awaki da tumaki a ɗaure suke a gida, takinsu da tokar murhu duk gona ake kai su. Gidajen kansu tarin ƙananan ɗakuna ne masu tsinin jinka, a manne da juna, rumbuna na tsakiya.

Wannan aiki ba a gama shi. Kowace shekara kafin ruwan farko sai iyali sun bi layukan sun mayar da duwatsun da suka zame. Gonar da aka bari shekara kaɗan ba gyara, ruwa ke ɓalle ta, ƙasar da kakanni suka tara ta gangare kwari.

Mene ne Diy-Gid-Biy?

Da harshen Mafa, kalmar na nufin kufan gidan sarki. Wurare 16 ne a warwatse cikin ƙauyuka bakwai a kewayen tsaunin Upay. UNESCO ta ce an gina su tsakanin ƙarni na 12 da na 17. Akwai dandamali, da matakalai, da lunguna, da ramuka masu kama da rumbu, duk da dutse zalla.

Abin da ya bambanta su da jeren gonaki shi ne ƙwarewar ginin. An zaɓi duwatsun an daidaita fuskokinsu, an cusa ƙanana a tsakanin manya, har bangon ya fito sumul, wasu sun ninka tsayin mutum. Mafa na yau ba sa irin wannan gini, kuma labaransu na baka na danganta shi da mutanen da suka riga su zama a wurin. Amma suna girmama kufan, wasu ma ana yanka a cikinsu.

Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Nicholas David na jami'ar Calgary ta Kanada sun fara haƙa a wuraren a 2002. Shi yana ganin an gina su ne don al'adun roƙon ruwa, a lokacin wani matsanancin fari na ƙarni na 15, ganin yadda aka samu yashi da tsakuwar kogi da aka ɗauko aka kai can sama. Wasu masanan kuma sun fi ba da ƙarfi ga alaƙar maginan da daulolin fili, saboda kayan fatauci da aka tono a mafi girman wuraren. Har yanzu ana ci gaba da muhawara a kai.

Gadon da ke raye

Tsaunukan sun shahara da ƙira. Daga baƙin yashin da ruwa ke tarawa a ƙoramu ake samun tama, a narka ta a dogon murhun laka da zuga-zugi, a ƙera fartanya da lauje. Narkar tama ta mutu bayan da tsohon ƙarfen mota ya wadata, amma maƙera na nan. A wajen Mafa da Kapsiki su zuriya ce ta daban, a tsakaninsu suke aure, su ke binne mamaci, matansu kuma su ke ginin tukwane.

Babban bikin Mafa shi ne Maray, bikin sa. Maigida kan tsare sa a wani ɗaki na musamman cikin gida, ana kai masa ci da sha tsawon watanni, sannan a fito da shi a yanka don tunawa da kakanni. Ana yin sa bayan shekara biyu, uku ko huɗu, gwargwadon al'adar kowane tsauni. A Turu, an san matan Hide da jar ƙwaryar da suke kifawa a ka ranar kasuwa. A Rumsiki kuma baƙi kan ziyarci boka mai duba da ƙaguwa. Yau Musulmi da Kirista sun yi yawa a gundumar, amma waɗannan al'adu ba su ɓace ba.

Iyaka ta raba, dutse ya haɗa

Bayan an ci Jamus a yaƙin duniya na farko, Ingila da Faransa suka raba Kamaru, layin ya bi ta kan tsaunukan. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961, ɓangaren arewa da ke hannun Ingila ya zaɓi Najeriya. Haka aka wayi gari dangi ɗaya na ƙasa biyu: waɗanda ake kira Kapsiki a Kamaru su ne Kamwe ko Higi a yankin Michika. A gefen Najeriya Hausa ce harshen kasuwa, a gefen Kamaru kuma Fulatanci, 'yan tsauni da yawa na jin duka biyun.

A gefen Najeriyar ne Sukur take, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa. Ita ce wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sanya cikin jerin, a 1999, saboda fadar sarkinta mai sarautar Hidi, da hanyoyinta da aka shimfiɗe da dutse, da gonakin matakala, da tarihin ƙarfe. Yanzu jerin tsauni guda na ɗauke da wuraren gadon duniya biyu, ɗaya a kowane gefen iyaka.

Me ke barazana gare su?

Tun zamanin Faransawa, da kuma shekarun 1960 bayan 'yancin kai, hukumomi suka riƙa matsa wa mutane su sauko fili, inda ya fi sauƙin karɓar haraji da gina makaranta. Daga baya ƙarancin gona ya tura matasa Marwa, Garwa da Yawunde neman kuɗi.

Mafi muni shi ne rikicin Boko Haram. A watan Nuwamban 2013 aka sace wani limamin coci Bafaranshe a Ngecewe, cikin Mayo-Moskota, kuma daga 2014 hare-hare suka yawaita a ƙauyukan kan iyaka. Sukur ma an kai mata hari. A 2013 aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda ya karɓi dubun-dubatar 'yan gudun hijira daga Najeriya, ban da 'yan gundumar da suka bar ƙauyukansu suka koma Koza da Mokolo. Masu yawon buɗe ido da ke ciyar da 'yan rakiya, masu masauki da masu sana'ar hannu a Rumsiki da Jingiliya sun ragu ƙwarai.

Shigar Diy-Gid-Biy cikin jerin UNESCO ta ɗora wa gwamnatin Kamaru nauyin kare wuraren da bayar da rahoto a kansu, tana kuma iya jawo tallafi da masu bincike. Sai dai kufan na tsakiyar gonaki ne, kuma manoman da ke kewaye da su ne suka hana a kwashe duwatsunsu tsawon ɗaruruwan shekaru. Makomar wuraren 16 na rataye ne kan ko waɗannan iyalai za su samu tsaron da zai bar su su kwana a gidajensu, su kuma gyara matakalan gonakinsu kafin damina mai zuwa.