Baƙon da Ke Shigowa Cikin Dashe

A watan Oktoban 2013 masu bincike suka gano abin da ke busar da itatuwan zaitun a yankin Puglia na kudancin Italiya. Wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Xylella fastidiosa, wadda ke toshe jijiyoyin da ruwa ke bi a cikin itace har ya mutu da ƙishi. Da aka bi asalinta sai aka tarar danginta na Kosta Rika ne, kuma zaton da ya fi ƙarfi shi ne ta shigo cikin dashen kofi na ado wajajen 2008. Ke nan ta yi kamar shekara biyar tana yaɗuwa ba wanda ya san da ita. Yau miliyoyin itatuwa sun mutu, har da waɗanda suka haura ɗaruruwan shekaru.

Wannan tazara tsakanin ranar shigowa da ranar ganowa ita ce ke yanke hukunci a kusan kowace annobar itatuwa. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro ɗan Asiya yana cin itacen ash a kusa da Detroit ta Amurka, amma da aka duba zoben shekarun itatuwan da suka mutu sai aka ga tun shekarun 1990 yake wurin. A Ingila, a watan Fabrairun 2012 aka ga cutar da ke kashe wannan itace a wani gandun renon dashe, cikin kayan da aka kawo daga Holan. Gwamnati ta hana shigo da shi a watan Oktoba, sai dai ihu ne bayan hari, domin cutar ta riga ta shiga dazuzzuka, kuma tun farkon shekarun 1990 aka san tana ɓarna a Polan. Wani nazari na 2019 ya ƙiyasta za ta ci wa Birtaniya kusan fam biliyan 15.

Me ya sa ake makara haka? Dalili na farko shi ne yanayin kayan. Dashe abu ne mai rai, yana tafe da saiwarsa da ƙasarsa da ɓawonsa, kuma ko'ina a cikinsu maɓoya ce. Tafiyar da a da take ɗaukar watanni a teku, har ƙwaro ya mutu a hanya, yanzu kwana biyu ce a jirgin sama. Ga kuma masu gidaje da otal-otal da ba su da haƙurin jiran itace ya girma, sun fi son a kawo masu babba a dasa. Girman itace kuwa shi ne yawan abin da yake ɗauke da shi.

Dalili na biyu ya fi wuyar magani. Jami'in da ke duba kaya a tashar jiragen ruwa yana da jerin sunayen ƙwari da cututtukan da aka sani, kuma ɗan kaɗan yake iya buɗewa daga cikin dubban kwantenoni. To, yawancin miyagun baƙin nan ba su da laifi a gidajensu. Funfunar da ke kashe ash a Turai tana zaune lafiya da danginsa a gabashin Asiya, saboda sun daɗe tare. Abin da bai taɓa yin ɓarna ba, wa zai sa shi a jerin? Ƙari a kan haka, itace na iya ɗaukar cuta watanni ganyensa shar, wani lokaci ma maganin feshin da aka yi masa a gandu ya danne alamun ba tare da ya kashe cutar ba. Takardar shaidar lafiyar tsirrai tana faɗin abin da ido ya gani ne a ranar da aka duba.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Tun 2002 akwai ƙa'idar duniya da ta ce a gasa katakon ɗaure kaya har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani. Tarayyar Turai ta tsaurara dokarta daga Disamban 2019, ta hana shigo da wasu nau'o'in itatuwa sai an tantance haɗarinsu. Ana horar da karnuka su shinshino ƙwaro cikin katako, ana ɗaukar hoton gonaki daga sama da na'urorin da ke gane itace mai ciwo kafin ido ya gani. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta itatuwan gadi: a riƙa duba baƙin itatuwan da ke lambunan bincike, a ga abin da ke kama su. Ta haka aka gano wani ɗan ƙwaro mai huda itace a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu a 2017, ko da yake shi ma ya riga ya yi nisa.

Inda aka dace kuwa, sakamakon a bayyane yake. A 2012 aka ga wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni a Kent ta Ingila, kusa da inda ake sauke duwatsu daga Sin cikin akwatunan katako. Nan take aka sare itatuwa sama da 2,000, mafi yawansu lafiyayyu, a 2019 aka sanar da cewa an gama da shi.

A nan ne Italiya ta sha bamban, kuma a ganina darasinta ya fi na kowa nauyi. Bayan an gano cutar, manoma da masu fafutuka sun ƙi yarda a sare zaitun, a ƙarshen 2015 masu gabatar da ƙara a birnin Lecce na Puglia suka dakatar da saran, har suka buɗe bincike a kan masana kimiyyar da kansu. Daga baya aka rufe binciken, amma cutar ba ta jira kotu ba. Ba na ganin laifin manomin da ya rungume itacen kakansa. Duk tsarin da zai sa mai kai rahoto ya rasa dukiyarsa ba diyya, yana koya wa mutane yin shiru ne, kuma ba na'urar da za ta maye gurbin mai gandun da ya fara ganin ganye ya canza.

Mu ma mun ɗanɗana. A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaro daga Asiya ya mamaye mangwaro a Gana da Togo da maƙwabtansu, sai da cibiyar binciken noma ta IITA da abokan aikinta suka saki wasu ƙananan zanzaro daga Indiya kafin ya lafa. Wanda ya kamata ya hana mu barci yanzu shi ne jan ƙwaron dabino. Tsutsarsa a cikin kututture take ci, sau da yawa ba a ankara sai kan dabinon ya karye. Ya isa Masar a 1992 cikin dashen da aka shigo da shi daga yankin Gulf, daga can ya bi manyan itatuwan ado zuwa Sifaniya. A 2015 ya ɓulla a Tidjikja ta Muritaniya, amma da yake an gan shi da wuri, kuma manoma sun ba da haɗin kai tare da tallafin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, an shawo kansa.

Masu gonakin dabino daga Dutse har Agadez suna ƙara neman irin ƙasashen Larabawa, ga dashen da ake ta yi da sunan shirin yaƙi da hamada na Babbar Koriyar Ganuwa. Najeriya na da hukumar NAQS mai kula da shige da ficen tsirrai, sai dai iyakokinmu na tudu dogaye ne, kuma ɗan dabino a bayan a-kori-kura ba ya jan hankalin kowa. Abin da ya fi araha shi ne a karkata ga dashen da aka haɓaka a ɗakin gwaji, a killace duk wanda ya zo daga waje na wasu watanni, sannan malaman gona su nuna wa manoma yadda ramin ƙwaron da ruwa mai warin da ke tsatsowa daga kututture suke.