Motocin Lantarki a Maiduguri: Ribar Direba Tana Ga Ƙarfin Juyin Inji

MAIDUGURI: Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hankalin masu sufuri a Maiduguri ya karkata ga ababan hawa masu aiki da lantarki. Kafin nan ma, wani matashin garin, Mustapha Gajibo, ya riga ya soma cire injinan fetur daga ƙananan motocin bas yana sanya musu na lantarki a kamfaninsa na Phoenix Renewables. A watan Disambar 2023 kuma, Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya na lantarki da na iskar gas waɗanda gwamnatin Farfesa Babagana Zulum ta samar.

Akasarin babura da Keke Napep na lantarki suna amfani ne da inji mai maganaɗisu na dindindin, saboda ƙanƙantarsa da tsimin wuta. Sai dai ƙarfin juyinsa ba ya zuwa sumul. Maganaɗisun yakan riƙa fizgar haƙoran ƙarfen da aka naɗe waya a kansu, lamarin da ke haddasa karkarwa da ƙara, musamman wajen tashi da kaya. Na'urar da ke raba wa injin wuta ita ce ke gyara wannan.

Hanyoyi biyu suka shahara. Ta farko, wadda Felix Blaschke na kamfanin Siemens ya bayyana a Jamus a farkon shekarun 1970, tana bin matsayin maganaɗisun tana auna wutar daidai da shi, don haka juyin yakan yi laushi. Ta biyu, wadda Takahashi da Noguchi na Japan suka wallafa a 1986, tana sarrafa ƙarfin juyin kai tsaye; ta fi saurin amsawa, amma karkarwarta ta fi yawa.

Ga direba, wannan magana ce ta kuɗi. Batir ne ya fi kome tsada a jikin motar, kuma duk wutar da ta koma zafi asarar zango ce da fasinja. A Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, inji mai ɗaukar zafi yana iya rasa ƙarfin maganaɗisunsa har abada. Sauya shi kuwa sai da kuɗin waje, domin ƙasar Sin ce ke ƙera mafi yawansa, kuma a watan Afrilun 2025 ta tsaurara ƙa'idojin fitar da wasu nau'o'insa.

Saboda haka ya kamata masu sayo motocin su duba ingancin na'urar raba wuta kamar yadda suke duba batir, a kuma horar da makanikan gida kan saita ta.